Fitilar tarakta ta dushe: a sauya ƙwai ne ko a fara duba waya?

Da ruwan farko ya sauka a kwarin Binuwai, tarakta ɗaya gonaki goma ke jiran ta, dole direba ya haɗa dare da rana kafin ƙasa ta sha iska. Shi ya sa tambayoyin wannan karon suka taru a kan fitila.

Wani manomin auduga da masara daga Ngong, kudu da Garwa a arewacin Kamaru, ya ce taraktarsa tsohuwar Massey Ferguson ce, haskenta bai fi na aci-balbal ba. Mai kayan gyara ya ba shi shawara ya cire ƙwai mai wat 55 ya sa mai wat 100. Ya saya?

Alhaji, kada ka saya tukuna. Taraktarka da wutar volt 12 take aiki. Ƙwai mai wat 55 yana jan amfiya 4.6 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bin waya ce), mai wat 100 kuwa ya haura amfiya 8, guda biyu ke nan kusan 17 inda da 9 ake ja. Wayar da makunnin ba don wannan nauyi aka yi su ba. Za su ɗau zafi, robar soket ta narke, kuma a jikin injin da gazuwal, wato man dizal, ke tsatsa, ga busasshen kara ya maƙale ko'ina, wannan hanyar gobara ce. In ma na'urar da ke cajin batirin taraktar dinamo ce irin ta da, ba altaneta ba, cajin batirin zai riƙa zubewa kana cikin aiki, da asuba ta ƙi tashi.

Yawancin tsofaffin taraktocin da nake dubawa, ƙwan lafiyarsa ƙalau, wutar ce ba ta isa gare shi. Ƙwan halojin, wato mai siririn zare a cikin gilashi, ba ya haƙuri da ƙarancin wuta: in ta ragu da kashi 10 cikin 100, kusan sulusin haskensa ya tafi. Ka sa mai gyaran wuta ya tada injin, ya kunna fitila, ya auna a kan batir. Ya kamata ya ga wajen volt 14. Sannan ya auna a bakin soket. In bambancin ya wuce rabin volt, a hanya wutar ke ɓacewa, kuma sau da yawa a wayar da ake ɗaurewa jikin ƙarfe ne, wadda makanikai ke kira mas. A kwance ta, a goge tsatsar har ƙarfen ya yi fari, a ɗaure tam. In makunnin ya tsufa, a sa rile (ƙaramin makunnin da ke ɗauke wa na hannu nauyin wuta) da fis, a jawo waya mai kauri kai tsaye daga batir. Ka kuma leƙa kwanon da ke bayan ƙwan. In ya yi duhu ko ya ɓare, ko wat nawa ka sa ba zai jefa haske nesa ba, sai dai a sayi fitilar sukutum.

Wani direba da ke huɗa a fadamun shinkafa na Yagwa ya ce ya sa ƙwan LED a gurbin na da. Hasken fari tas, amma a warwatse, in ƙura ta tashi ko gaban injin ba ya gani.

Ɗan'uwa, abin da ka gani haka yake. Kwanon fitilarka an ƙera shi ne don ya tattaro haske daga siririn zaren halojin da ke zaune a wuri guda. Ƙwan LED na araha ba a nan yake fitar da haskensa ba, sai kwanon ya watsa shi sama da gefe. Abin da ya tashi sama shi ke dukan ƙura ya dawo idonka, kuma fari mai shuɗi-shuɗi, wanda ake rubuta 6000K a kwalinsa, ya fi gajiyar da ido cikin hazon hunturu. Mai ruwan ɗorawa, 3000K zuwa 4300K, ya fi sauƙi. Wasu ƙwayayen LED kuma ƙaramar fanka ce ke sanyaya su a baya, ƙurar huɗa ta toshe ta, ƙwan ya ƙone.

Ni dai da tawa ce, zan mayar da halojin a fitilun gaba, kuɗin in sa su a fitilun aiki na LED waɗanda aka rufe ruf, masu alamar IP67. Mai wat 27 amfiya 2 da ɗoriya kawai yake ja. Biyu a gaba, a sunkuyar da su ƙasa, ɗaya a baya tana kallon garma, domin a bayan ne aikin yake, nan za ka ga ko huɗar ta miƙe. Su sami makunninsu daban da fis ɗinsu. Kafin a haɗa a duba batir: wasu tsofaffin taraktocin Ingila ƙafar fulos (+) ce ke ɗaure a jikin ƙarfe, LED kuwa in an juya masa waya ba zai kama ba.

Wani daga Gidar ya ce ƙwansa ba ya wata biyu. Kada a taɓa gilashin halojin da yatsa, maiƙon hannu na sa shi ya yi zafi a wuri guda. In ana kiyaye wannan kuma yana mutuwa, a auna caji, in ya kai volt 15 laifin na'urar daidaita caji ne. Wajen saye ka tafi da tsohon a hannu, don gindin ƙwai samfurin H4 daban yake da na samfurin R2, kuma na manyan motoci mai volt 24 ba zai yi maka hasken kirki ba.

Akwai abin da ba a tambaya ba amma yana damuna ƙwarai. Lokacin jigilar auduga, ana fitowa titin Garwa zuwa Marwa da tirela ba jar fitila ko ɗaya a bayanta, gaba kuma fitilun aiki na kashe idon masu babur. In za ka hau kwalta, kashe fitilun aiki, ka sa jar fitila da abin ƙyalli a gindin tirela. Don saita fitilun gaba kuma, ka tsayar da tarakta mita 10 daga bango a wuri mai lebur, ka kunna ƙaramin haske, ka juya sukurun har saman hasken ya sauka ƙasa da tsayin fitilar kanta.