Gwajin CA 19-9 a jinin ɓera

Malam, tambayarka ita ce me ya sa CA 19-9, wato sinadarin da ake aunawa a jini a matsayin alamar kansa, ya ƙi fitowa a jinin ɓerayenka masu kansar fankiriyas (gaɓar da ke cikin ciki mai fitar da insulin) ko? To ba lallai laifin kayan gwajinka ba ne, ɓera kam ba ya yin CA 19-9 tun asali, ba shi da sinadarin FUT3 mai haɗa shi, shi ya sa a 2019 masu bincike a Amurka sai da suka saka wa ɓeraye ƙwayoyin halittar mutum kafin abin ya fito. Ni ma na ɓata kuɗin kayan gwaji a kan haka, wallahi har yau abin na min ciwo.

Idan ɓerayen KPC gare ka, wato waɗanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta don su kamu da kansar fankiriyas, ka nemi wata alamar, kuma don Allah ka ware rukuni masu kumburin fankiriyas kawai ba kansa, saboda kumburi da toshewar hanyar madaciya suna ɗaga alamomi da yawa, sai ka ɗauka kansa ce.

Jini kuma kada ka ɗebi fiye da kashi 10 cikin 100 na jinin ɓeran a lokaci guda, ƙaramin ɓeran gwaji duka jininsa wajen mililita 2 ne kawai. Ka nemo likitan dabbobi ya nuna maka, sannan sai kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu kafin ka fara.