Da gaske an rubuta littattafai da gashin tsuntsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon rubutun ƙawa na boko, kuma nakan ga hotunan Turawan da suna rubutu da gashin tsuntsu. Na samo gashin kaza na yanke bakinsa na tsoma a tawada, sai ɗiga kawai yake yi, bakin kuma ya yi laushi nan da nan. Da gaske da irin wannan aka rubuta littattafai, ko ƙawar masu zane ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da gaske ne. Tun wajen ƙarni na 6 har cikin ƙarni na 19, alƙalamin gashi ne babban abin rubutu a Turai. Da shi aka rubuta Magna Carta, shahararriyar yarjejeniya tsakanin sarki da manyan ƙasa, a Ingila a 1215, da shi kuma aka rattaba hannu a takardar 'yancin kan Amurka a 1776. Abin da ya faru da kai ba laifin hannunka ba ne: ɗanyen gashi ka ɗauka, alhali alƙalami sai an zaɓa, an gasa, an fiƙe.

Gashin kaza ya yi ƙanƙanta, bututunsa kuma ba shi da kauri. Wanda marubuta suka dogara da shi na dinya ce, irin wadda Turawa ke kiwo, kuma ba kowane gashi a jikinta ba, sai manyan nan guda biyar na ƙarshen kowane fiffike, waɗanda ke ɗaukar nauyin tashi. Na talo-talo ma yana aiki ƙwarai, yana da ƙarfi, ya fi sauƙin samu. Masu son layi siriri kamar zare sukan nemi na hankaka. Mai rubutu da dama ya fi jin daɗin gashin fiffiken hagu, domin lanƙwasarsa tana kwanciya daidai a hannunsa ba ta tare masa ido.

Gasawa ita ce wurin da yawancin masu koyo ke faɗuwa, don haka bari in tsaya a kanta. Bututun gashi da farcenka abu ɗaya ne ya gina su, kuma ka san yadda farce ke yin laushi idan ya daɗe a ruwa. Tawada ruwa ce. Ɗanyen gashi yana da maiƙo da wata siririyar fata a bayansa, shi ya sa tawada ba ta kama shi, da ta jiƙa shi kuma sai ya saki. A zamanin da, mutane sukan ajiye gashi shekara guda ko fiye ya bushe da kansa. Daga baya aka samo hanya mai sauri: ka yanke ƙarshen bututun, ka zare ɓargon da ke ciki, ka jiƙa shi a ruwa ya kwana, sannan ka cusa shi cikin yashi mai zafi, kana ɗura yashin har cikin bututun. Za ka ga ya tashi daga fari ya koma garau kamar ƙaho. Sai ka kankare fatar bayan da gefen wuƙa. Idan yashin ya yi zafi fiye da kima gashin zai kumbura ya ƙone, idan bai kai ba zai zauna da laushinsa. Ka fara gwadawa da waɗanda ba ka damu da su ba.

Fiƙewa tana son 'yar wuƙa mai kaifi sosai. Ka fere cikin bututun a karkace, ka tsaga tsakiyar bakin kaɗan, ka rage gefe biyu har su haɗu a tsini, sannan ka ɗora bakin a kan abu mai tauri ka datse shi sau ɗaya. Wannan datsewar ta ƙarshe ita ke yanke faɗin layinka. Tsagar kuwa ita ce hanyar tawada: tana jan ta a hankali zuwa takarda, ba ta bari ta zubo gaba ɗaya. Idan ta kauce daga tsakiya, ɓari ɗaya zai riƙa karce takarda yana fantsama.

Gashin da ke jikin sandar fa, wanda masu zane ke so su nuna yana kaɗawa? Marubutan gaske sukan fige shi, su rage tsawon sandar, domin ba ya ƙara komai sai shiga hanya.

Akwai kuma dalili na biyu na ɗigar da ka gani. Idan takarda tana kwance a tebur, alƙalami yana tsaye, tawada za ta gangaro da nauyinta. Shi ya sa a tsofaffin hotuna kake ganin marubuta a gaban tebur mai jingine. Ka jingina allonka, ka tsoma baki kawai, kada ka danna.

To me ya kawar da alƙalamin gashi? Ba muni ba ne, wahala ce. Bakinsa yana cinyewa, sai an yi ta gyara shi a tsakiyar aiki. Daga shekarun 1820 masana'antun birnin Birmingham na Ingila, irin na John Mitchell da Joseph Gillott, suka fara buga bakin alƙalami na ƙarfe da yawa a kan araha, makarantu da ofisoshi suka koma can. Amma ni a ganina ƙarfe bai taɓa kamo shi a kyau ba. Gashi ba shi da nauyi, yana lanƙwasa da hannu, yana ba da layi siriri mai kaifi a kan fatar rubutu, kuma tsohuwar baƙar tawadar Turai mai tsami, wadda ke cin ƙarfe, ba ta sa shi tsatsa. Saboda haka da Edward Johnston ya farfaɗo da rubutun ƙawa a Ingila a farkon ƙarni na 20, ya koya wa ɗalibansa fiƙe gashi da kansu, har yau kuma wasu manyan masu wannan sana'a suna aiki da alƙalamin gashi.

Shawarata gare ka, ka ci gaba da koyon siffar haruffa da bakin ƙarfe mai faɗi, kana koyon fiƙewa a gefe da gashin talo-talo. Idan ka haɗa biyun lokaci guda, ba za ka gane ko hannunka ne ya kuskure ko alƙalamin ba.