Habu, kafin ka tsoma kyamarata a ruwa

Habu, saƙonka na daren jiya ya same ni ina tsakiyar tace bidiyon bikin Unguwar Rogo, shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Na kalli abin da ka turo har sau uku, Turawan nan masu gasar harbin kifi a ƙarƙashin teku, mutum ya ja numfashi ɗaya ya nutse, hoto kuwa tar kamar a situdiyo. Ka ce in gaya maka wace irin kyamara ce ke ba da wannan hoton, sannan in ara maka ƙaramar kyamarata GoPro ka je ka gwada ranar Lahadi a ɗaya daga cikin kududdufan haƙar kuza na wajen Bukuru.

Maganar aro dai a'a. Ka san ni ba marowaci ba ne, babbar kyamara ma na sakar maka ka tafi da ita ɗaurin aure har Bauchi. Ka bi ni a hankali za ka ga dalili.

Abin da ka gani gasa ce mai doka. Hukumar da ke shirya ta duniya sunanta CMAS, an kafa ta a Monako a 1959, shugabanta na farko kuma Jacques Cousteau ne, Bafaranshen da ya yi suna da finafinan ƙarƙashin teku. Babbar dokar ita ce ba a ɗaukar tukunyar iska, abin da ƙirjinka ya riƙe da shi za ka yi farauta. Sukan yi awa biyar ko shida a ruwa, ana nutsewa ana tasowa, da yamma a kai kifin sikeli. Wanda bai kai nauyin da aka yanka ba ba a lissafa shi. Bindigar tasu ba ta harsashi ba ce, mashi ne da roba ke cillawa, irin aikin danƙon harbin tsuntsu da kuka yi kuna yara. A Argungu dubban mutane ke afka wa Matan Fada da homa da gora, ga kiɗa ga ihu. Can kuwa shiru ne jarin mutum. Maharbi yakan sauka ya kwanta a ƙasa bayan dutse, ya yi lamo, har kifi ya matso don ya ga wane ne wannan baƙon. Hausawa sun riga sun faɗa, kifi na ganinka mai jar koma.

To mai ɗaukar hoton ma hakan yake yi, kuma nan ne gizo ke saƙar. Tukunyar iska tana fitar da kumfa da ƙara, kifi ya watse, don haka mai kyamara shi ma da numfashi ɗaya yake sauka, ya kwanta a bayan kafaɗar maharbi, ba ya taɓa shiga gaban mashi. Fim ɗin nan na Afirka ta Kudu da ya ci kyautar finafinai ta Oska a 2021, na Craig Foster da dabbar ruwan nan mai hannu takwas, shi Foster babu tukunya ya riƙa shiga ruwan sanyin kusa da Kef Tawun, ko rigar roba ba ya sawa. Kusan shekara guda yana zuwa wuri ɗaya kullum, kuma sai da ya yi makonni kafin dabbar ta saki jiki da shi.

Kyamarar da kake tambaya ba wata ta aljanu ba ce. Rabin abin da ka gani GoPro ce irin tawa, an ɗaure ta a goshi ko a kan bindigar. Ita kaɗai tana jure zurfin mita 10, in an sa ta a akwatinta ta kai mita 60. Ruwan ne ke sauya komai. Ja shi ne launin da ke fara ɓacewa, kafin ka kai mita 5 ya kusa tafiya, sai ruwan lemo ya bi shi, sai rawaya. A mita 10 in ka yanke a yatsa jinin kore-kore za ka gan shi. Tekun sanyi kuma kore ne saboda ƙananan halittun da ke cike da shi, shi ya sa suke sa wa idon kyamara gilashi mai launin ja-ja da ya karkata ga shunayya, ko su sauka da farin kati su sake wayit balans, wato su nuna wa kyamara abin da yake fari don ta gyara launi, duk lokacin da zurfi ya canza. Gilashin akwati in shafaffe ne yana ƙara wa abu girma da kamar kashi ɗaya cikin uku, ya matse maka faɗin hoto, don haka masu babbar kyamara ke sa mai tudu kamar kifaffiyar ƙwarya.

Fitila kuma, ka tuna tafiyarmu Pankshin cikin hazon Janairu, da direba ya kunna dogon haske muka daina ganin titi sai farin ƙura? Haka ruwa yake. In fitilar tana kusa da idon kyamara, duk wani ɗan datti da ke yawo sai ya haska ya cika maka hoto da fari-fari. Ana ɗora ta a dogon hannu ne a gefe, hasken ya zo a karkace. Zum ba ya aiki a can. Ruwan da ke tsakaninka da kifi shi ne labulen, sai ka rage shi da jikinka, ka matso har bai fi kamu biyu ko uku ba.

Ban taɓa ba ka labarin kyamarar da na kashe ba, don kunya nake ji. Wani otal ne a Abuja, muna ɗaukar bidiyon waƙa, darakta ya nace sai an ga mawaƙin ya faɗo ruwa daga ƙasa. Na yi hayar akwatin ruwa, na rufe kyamara a cikin mota, ana rana, ina gumi, ina sauri. A bakin murfin akwai wani zoben roba baƙi, siririn abu, shi ne duk tsaron. Ana ciro shi a goge, a shafa masa ɗan man silikon har ya yi sheƙi, a duba shi a haske. Ni ban duba ba. Minti biyu da shiga gilashi ya yi hazo daga ciki, don iskar motar mai ɗumi da danshi da na kulle ta haɗu da sanyin ruwa. Ina ta goge waje kamar wawa. Can sai na ga wani ɗigo yana gangarowa ta kusurwar hagu, ɗaya, sai na biyu, sai allon ya yi shuɗi ya mutu. Da muka buɗe, gashi ƙwaya ɗaya ne kwance a kan zoben, daga gemuna. Wata bakwai ina biyan mai kyamara. Tun ranar nake tara ƙananan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, waɗanda kake ta sharewa a shago kana zubarwa. Biyu ake jefawa a akwati kafin a rufe, kuma a rufe a wuri mai sanyi busasshe. Batir ma sanyi na cinye shi da wuri, na ajiya a aljihu ake riƙe shi.

Ita kyamara ana biya a huta. Mu koma kan jikinka. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Mu 'yan Jos muna alfahari da sanyi, amma sanyin Disamba da rigar sanyi da shayin Tashar Bauchi daban, ruwa mai digiri 10 daban, kuma gefen Atilantika na Kef Tawun yakan sauka kusa da haka. Mutanen da ka gani sanye suke da rigar roba mai kaurin milimita 5 ko 7, da hula da safar hannu, sannan su ɗaura ɗamarar dalma don rigar tana hana nutsewa. Duk da haka bayan awa biyu yatsu kan ƙage, danna maɓalli ya zama aiki. Duk mita 10 nauyin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda. Huhunka a mita 10 ya koma rabin girmansa. Kunne tun mita 2 zai fara zafi, in ba ka iya toshe hanci ka hura a hankali ba, dodon kunne na iya fashewa.

Abin da ke kashe gwanaye kuwa shi ne wannan. Ƙaiƙayin numfashi da kake ji in ka riƙe iska, gurɓatacciyar iskar da ta taru a jini ce ke kawo shi. Yara sukan yi ta shaƙa suna fitarwa da sauri kafin su nutse don su daɗe, ba su san sun kashe ƙararrawar ba ne. Iskar kirki tana ƙarewa, jiki bai yi gargaɗi ba. Mutum yana tasowa lafiya lau, saura mita kaɗan ya fito, ko ma ya fito ya ɗaga hannu, sai ya suma babu ko ihu ya koma ƙasa. Mai kyamara ya fi kowa shiga wannan tarkon, don idonsa na kan allo, zuciyarsa na cewa ƙara daƙiƙa biyar kifin zai juyo. Shi ya sa ƙa'idarsu ita ce ɗaya a ƙasa ɗaya a sama yana kallonsa, in ya fito ma a ci gaba da sa masa ido na rabin minti, kuma ya huta a sama aƙalla ninki biyu na lokacin da ya yi a ƙasa.

Wa zai tsaya maka a sama ranar Lahadi? Abokinka mai acaɓa da ko a rafin Gada Biyu bai taɓa iyo ba? Kududdufan nan ramukan haƙa ne da kamfanonin kuza suka bari tun zamanin Turawa. Ba su da gaɓa mai saukowa a hankali, taku biyu ne ka zurma. Sama ɗumi, ƙasa sanyi ƙalau, gindi kuma laka ce, ƙafa ɗaya ta taɓa ta ruwan ya dagule ka rasa ina ne sama. Mutane na cewa aljanun ruwa ne ke jan samari, ni ban yi musu da kowa ba, amma gangaren da sanyin ma sun isa. Ko ka fito lafiya, abin da za ka kawo min a katin kyamara ruwan kunu ne.

In da gaske kake son wannan layin, ina murna, don a garin nan masu iya shi ba su da yawa, kuma daraktoci suna tambaya. Ranar Asabar ka zo shago da ƙarfe tara. Za mu cika duron nan na baya, mu sa tishu a akwatin babu kyamara, mu ɗaura masa dutse ya kwana a ciki. In tishu ya fito a bushe, sati mai zuwa mu tafi wurin ninƙaya mai mai ceto a baki, ka fara nuna min za ka iya kai wa da komowa sau goma ba ka riƙe bango ba. Ni zan biya kuɗin shiga. Ka taho min da cajar batir da ka tafi da ita ranar Talata, kuma ka gaida Baba.