Sabobina sun kwanta a shago: in ƙaro kaya ko in bar sana'ar?

Wani ɗan kasuwa daga Wunti a Bauchi ya rubuto mana: "Shekara 12 ina sayar da kwamfuta, ina kuma haɗa wa makarantu da ƙananan asibitoci saba, babbar kwamfutar da suke ajiye bayanansu. Yanzu kowa cewa yake ya koma kilawud. Saba uku na nan tun bara ko tayi babu, ga yara biyu ina biyan albashi. Akwai naira miliyan huɗu a hannuna. Yaya zan yi?"

Alhaji, Allah ya buɗa. Kada ka bar sana'ar, amma kada ka sake zuba ko kwabo a kan saba.

Kilawud ɗin nan haya ce: ka ajiye bayananka a kwamfutocin wani kamfani ta intanet. Kamar mai hatsi ne ya daina gina rumbu ya kama sito yana biya wata-wata. Amazon ta fara ba da wannan haya a 2006, Microsoft ta biyo da Azure a 2010, kuma duk sun kafa cibiyoyi a Afirka ta Kudu, Microsoft a 2019, Amazon a 2020. Ba za ka iya gasa da su a farashin ajiya ba.

Kada kuma ka ga laifin kwastomominka. Na taɓa shiga ofishin wata makaranta na tarar da saba ƙarƙashin tebur, ƙura ta toshe fankarta, wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona ta da sakamakon jarrabawar zango biyu a ciki. Shugaban makarantar ya riƙe kai ya kasa magana. Wanda ya ga haka ba zai so ya sake ajiye na'ura a ɗaki ba.

To amma Amazon ba za ta zo Bauchi ta ja waya ba. Wa zai haɗa musu intanet mai ɗorewa, ya sa sola da inbata, ya kwashe tsofaffin bayanai ya ɗora, ya buɗe wa kowane malami asusunsa, ya rufe na wanda ya bar aiki? Nan cinikinka ya koma. Ka daina jiran ciniki ɗaya mai tsoka a shekara, ka nemi kwangilar kulawa ta wata-wata da ofisoshi goma ko sha biyar. Ribar kowane ɗaya kaɗan ce, sai dai tana zuwa, kuma da ita ake biyan albashi.

Inda nake ji maka tsoro shi ne dala. Yawancin waɗannan hidimomi da dala ake lissafinsu, kuma ka ga yadda naira ta kasance tun Yunin 2023. Kada ka yanka wa kwastoma farashin shekara da naira kai kuma kana biyan dala. A buɗe asusun kilawud ɗin da sunansa, ya biya hayarsa da kansa, kai ka karɓi ladan aikinka daban.

Sabobin uku ka kai wa asibitoci tayi, ko da a kan kuɗin saye ne. Inda intanet ke yankewa suna buƙatar kwafi a gida, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 da ta ɗora musu nauyin sirrin marasa lafiya.

Yaranka kuwa, ka zaɓi mai himmar ya fara karatu. Darussan Microsoft Learn kyauta ne, jarrabawar farko ta AWS, wato kilawud ɗin Amazon, dala 100 ce, shirin 3MTT na gwamnatin tarayya ma yana koyar da fannin kilawud. Ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, domin da takarda ta shiga hannunsa Abuja za ta fara kiransa. Ba shi kaso a kowace kwangila ya fi ƙarin albashi riƙe shi.

Miliyan huɗun, rabi ya tafi kayan sola da na haɗa intanet, kaɗan ga karatun yaron, sauran ka ajiye na albashin wata shida. A makon nan ka ɗauko littafin tsofaffin kwastomominka, ka fara da makarantun da ka haɗa wa saba, ka je da ƙafarka.