Wat 5000 a jikin kwali ba shi ne kayan manya ba

Malam, ka tambaya ko kayan sautin nan mai rubutun wat 5000 da ka gani a kasuwar Sabon Gari yana cikin na manya. Gaskiya ba ya ciki. Wannan lambar PMPO ce, wato ƙololuwar ƙarfin da ake cewa yana kaiwa na ɗan ƙiftawar ido, ta jan ciniki ce kawai. Nemi ta RMS a bayansa, wato ainihin ƙarfin da yake iya bayarwa a ɗore, za ka ga ko kusa ba ta kai ba.

Na manya galibi a rarrabe suke zuwa, amfilifaya daban, sifiku daban, irin su McIntosh na Amurka ko KEF da Bowers & Wilkins na Ingila. Ɗaga sifikar ka ji nauyinta, ka ƙwanƙwasa jikinta. In ta yi ƙarar fanko, ajiye musu abinsu. Sannan a sa maka karatun Alƙur'ani ko kiɗan kalangu ƙasa-ƙasa. Mai kyau za ka ji har jan numfashin mai karatu, ba sai an ƙure murya ba. Dum-dum ɗin da ke girgiza taga kuwa, wannan na gidan biki ne.

Kuma yadda wuta ke hawa da sauka a Kano, kada ka jona shi babu sitabilaiza.