Amsa Ga Mai Tambaya Kan Karatun Wasan Kwaikwayo

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka wuce jami'a ka karanci wasan kwaikwayo bayan ka kammala NCE, ko kuwa ka faɗa Kannywood kai tsaye. Shawarata ita ce ka yi karatun, amma kada ka ɗauka takardar digiri ce za ta sa darakta ya ba ka rol, domin a masana'antarmu yawanci mutum kan shiga ne ta hannun ubangida, ya yi ta ƙananan fitowa har a san fuskarsa.

Abin da jami'a ke bayarwa shi ne horon murya da motsin jiki, da rubutun labari, da ba da umarni, da sarrafa fitila. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta daɗe da sashen wannan fanni, inda ɗalibai kan fita ƙauyuka su shirya wasa tare da mazauna garin kan matsalar ruwa ko kiwon lafiya. Jami'ar Bayero ma tana da irin wannan sashe, sannan akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos. Tun da NCE tana hannunka, kana iya neman shiga aji biyu kai tsaye ta hanyar JAMB.

Na san wani da ya gama digirinsa bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba, ranar farko darakta ya ce masa ya rage ɗaga murya, domin nan ba dandamali ba ne. Saboda haka, duk lokacin hutu ka riƙa zuwa wurin ɗaukar fim, ko da riƙe makirufo ne kawai za a ba ka.