Tambaya da Amsa: Me Lauya Ke Samu a Rubutun Kyauta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ina shekarar ƙarshe a karatun lauya. Ina ganin manyan lauyoyi na rubuta sharhi kan hukunce-hukuncen kotu, jama'a su karanta kyauta. Me suke samu a ciki? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Suna samun suna, kuma kada kowa ya ce miki ba sa so. Ƙa'idojin aikinmu a ƙasashe da dama sun taƙaita talla, sai rubutu ya zama hanyar da mai neman lauya zai ji irin kaifin mutum kafin ya je ofishinsa.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda rubutu ke sauya doka kanta. A 1890, lauyoyi biyu a Amurka, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka wallafa maƙala a mujallar shari'a ta jami'ar Harvard kan 'yancin mutum na a ƙyale masa sirrin rayuwarsa. Ba alƙalai ba ne a lokacin, amma a hankali kotuna da majalisun jihohi suka bi sawunsu. Shi Brandeis ɗin ma ya zama alƙalin Kotun Ƙoli a 1916.

Ni kam in na zauna fassara hukunci mai shafi tamanin yadda mai gadi zai gane, a nan nake gano inda hujjar alƙali ta yi rauni.

Ki fara tun yanzu. Sai dai sirrin wanda kike karewa amana ne, kuma kada ki yi sharhi kan shari'arki tana gaban kotu.